Kafin ka kashe kuɗi a kan kayan ɗaukar faɗuwar rana a bakin teku

Ƙanena da ke zaune a Legas ya turo mini hotuna goma sha biyu da ya ɗauka a Tarkwa Bay gab da magariba. Sama ta yi ja jawur, ga ruwan goro a ƙasanta, amma ko ɗaya babu wanda ya fito garau. Da na ja hoton ya yi girma, sai ga duwatsun bakin ruwa sun zama biyu-biyu, kamar daga cikin mota aka ɗauka. Ya ce, "Yaya, kyamarar ce ta gaza, sayar da ita zan yi in cika kuɗi in sayi babba." Na ce masa ya dakata tukuna. Nikon D3500 ce a hannunsa, mai megafiksel 24, kuma ba ta da laifin komai. Hannunsa ne ya yi rawa.

A ƙasashenmu da ke kusa da tsakiyar duniya rana ba ta jan ƙafa. Tana nutsewa, bayan minti ashirin da 'yan kai hasken da ake nema ya tafi. Yayin da haske ke raguwa, dole kyamara ta bar ƙofarta a buɗe rabin daƙiƙa, daƙiƙa biyu, har biyar, kuma babu hannun ɗan Adam da zai tsaya cak tsawon wannan lokaci. In ka ɗaga lambar ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, zuwa 3200 don ka gudu wa rawar, hoton ya cika da yashi-yashi, kalar sama ta mutu. Don haka abin da ya kamata ya fara cin kuɗinka shi ne sitan mai ƙafa uku.

Nan ne mutane ke yin arhar da ke zame musu tsada. Akwai waɗanda ake sayarwa a shagunan kayan waya, kansu roba, ƙafafunsu sirara kamar tsinke. Na taɓa sayen irinsu a wani shago, iskar teku tana kaɗawa ina kallon kyamara tana karkarwa a kai, bayan fita uku makullin ƙafa ɗaya ya karye. A ɗaki suna iya aiki. A bakin teku kuwa asara ce.

Zaɓin gaskiya yana tsakanin na alminiyam da na kabon. Na alminiyam ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma nauyinsa ma taimako ne in iska ta taso. Matsalarsa gishiri: in ba ka wanke shi, za ka ga farin abu ya fara fitowa a gaɓoɓinsa, makullai su cije. Na kabon ya fi sauƙin ɗauka, ya fi saurin kashe girgiza, gishiri ba ya cin sandunansa, sai dai kusoshinsa ƙarfe ne, su ma suna son wanki. Bambancin nauyin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Sitan ɗin Manfrotto Befree na alminiyam kusan kilo ɗaya da rabi ne, na kabon ɗinsa bai fi kwatan kilo ya rage ba, kuɗin kuwa ya yi tsalle. Kamfanonin Benro da K&F Concept suna da masu sauƙin kuɗi da ke tsayawa da ƙafarsu. Ni dai in ba tafiyar ƙasa mai nisa za ka riƙa yi da shi a kafaɗa ba, ɗauki na alminiyam mai kaurin ƙafa, ka adana canjin.

Ka duba makullin ƙafa ma. Na murɗawa yashi yana shiga zarensa, za ka ji ƙaras-ƙaras, amma ana kwance shi da hannu a wanke a mayar. Na ɓallawa ya fi sauri, sai dai ƙananan kusoshinsa ne ke fara tsatsa. A shago, buɗe ƙafafun gaba ɗaya, ka dafa kan sitan ɗin, ka murɗa shi hagu da dama. In ya yi laƙwas, ajiye. Kada tsayin da aka rubuta a kwali ya ruɗe ka, domin sukan haɗa da sandar tsakiya, ita kuwa da ka ɗaga ta, sitan ɗin ya koma mai ƙafa ɗaya.

Sai maganar kyamarar kanta, wadda ita ce ke hana ƙanena barci. Masu babbar sansa, wato farantin da ke kama haske a cikin kyamara, irin Canon 6D ta 2012, Nikon D750 ta 2014 da Sony A7 III ta 2018 sun fi haƙuri da duhu, kuma in ka zo gyara biyun ƙarshe sun fi ba ka damar ɗago inuwa ba tare da hoton ya lalace ba. Wannan gaskiya ne. Amma da zarar ka ɗora kyamara a sitan ka sa ISO 100, ratar da ke tsakaninsu da ƙanana irin D3500 ko Sony a6000 ta tsuke ƙwarai, sai mai baza ido ne zai gane. Na'urar hana rawa da ke cikin A7 III tana ceton mai ɗauka da hannu, ba ta kai ka daƙiƙa biyar. A kan sitan ma kashe ta ake yi. In kuma ta hannu za ka saya, a Computer Village ta Ikeja ko wani wuri, tambayi adadin hotunan da ta ɗauka, sannan ka haska lens, wato gilashin gaban kyamara, da fitilar waya. In ka ga farin abu kamar saƙar gizo-gizo a ciki, fumfuna ce, laimar garuruwan bakin ruwa ke kawo ta, kada ka karɓa ko an rage maka.

Lens mai faɗin ƙofa, f/1.8 ko f/1.4 (ƙaramar lamba ce ke nuna faɗin ƙofa), shi 'yan kasuwa ke turo maka da sun ji ka ce duhu. Na hoton biki ne da fuskar mutum. Kai so kake dutsen da ke gabanka da jirgin ruwan da ke can ƙarshen gani su fito tare, wannan kuwa a f/8 zuwa f/11 ake samunsa, inda ɗan lens ɗin 18-55mm da ya zo da kyamara yake aiki lafiya lau. Kada ka matse zuwa f/22, laushi hoton zai ƙara yi. A 18mm da f/8 kan ƙaramar sansa, in ka saita idon kyamara a kan abin da ke nisan mita biyu zuwa uku, daga kusan mita ɗaya da rabi har ƙarshen teku duk zai fito. Yi saitin tun da sauran haske, ka mayar da shi na hannu, don in duhu ya shiga kyamara ta dinga lalube ke nan a kan ruwa ba ta samun abin kamawa.

Filta kuwa, wato gilashin da ake ɗaurawa a gaban lens, ba gaggawa. Baƙar nan mai rage haske, ND64, tana da amfani kafin rana ta faɗi in kana son igiyar ruwa ta koma kamar hayaƙi. Bayan ta faɗi, duhun da kansa ya yi maka wannan aiki kyauta. Mai rabi baƙi rabi fari tana daidaita sama da ƙasa, amma ɗaukar hoto uku a haske daban-daban ka haɗa su a kwamfuta yana maye gurbinta. Mai kashe ƙyalli ba ta tsinana komai in ka fuskanci rana kai tsaye. Filta mai arha ma kala take ɓatawa. Rimot bai zama dole ba, jinkirin daƙiƙa biyu na cikin kyamara ya isa. Abin da ba a barinsa gida shi ne ƙyallen goge lens, biyu ma, domin feshin gishiri yana sauka a gilashi ba ka sani ba.

Mai waya kaɗai fa? Ya sayi ɗan maƙalin da ke ɗaure ta a sitan. Yanayin dare na waya hotuna da yawa yake haɗawa, don haka duwatsu kan fito, ruwa mai motsi ya cakuɗe. Na kallo a waya ya wadatar, na bugawa babba a rataye a bango bai kai ba.

Wani abu da kuɗi ba ya saya: gaɓar Legas da ta Accra kudu suke kallo, rana tana faɗuwa ta hannun damanka, sai wajen Disamba take karkatowa ta kan ruwa, lokacin kuma hazo na iya haɗiye ta tun ba ta kai ƙasa ba. A Kribi ta Kamaru gaɓar yamma take kallo, cikin teku rana ke shiga. Kuma mafi kyawun kala yana zuwa ne daidai kiran sallar magariba, don haka nakan je da alwalata da dardumata.

Ƙanena ya fasa sayar da kyamarar, ya sayi sitan na alminiyam. Na ce ya fara zaro gaɓar ƙasa don makullai su nisanci yashi, ya danna ƙafafun cikin jiƙaƙƙen rairayi har su daina nutsewa, in ya koma gida ya wanke su da ruwan famfo kafin ya ci abinci. Hoton da ya turo bayan sati biyu, ana iya ƙirga ƙananan katantanwar da ke manne a jikin dutsen.