Abincin gaban jirgi: zaɓi uku a takarda, nawa ke isowa kujerarka?

Duk kamfanin jirgin da ya sayar maka da tikitin bizines zai miƙa maka takardar jerin abinci mai kyan gani, a ciki an jera manyan abinci uku ko huɗu: naman sa ko na rago, kaza, kifi, sai wani na ganye ko taliya. Ni ba da wannan takarda nake auna kamfani ba. Abin da nake dubawa shi ne, lokacin da ma'aikaciyar jirgi ta iso kaina da ɗan littafinta, nawa ne suka rage a cikin ukun nan, kuma ƙarfe nawa za a bar ni in ci. Harkar kayan injina ce ke kai ni Guangzhou daga Kano, jefi-jefi kuma Turai, ga shi ina fama da ciwon suga. Saboda haka maganar me zan ci da yaushe zan ci ba ta marmari ba ce a wurina. Kuɗin kujerar gaba yakan ninka na baya sau uku ko fiye, kuma daga aljihuna yake fita, shi ya sa nake sa ido sosai.

Da farko ya kamata mutum ya san cewa ba a girki a cikin jirgi. A manyan ɗakunan girki da ke kusa da filin jirgi ake dafa komai, a sanyaya shi da sauri, a jera a akwatunan ƙarfe masu taya, a loda. Ɗakin girkin Emirates da ke Dubai kaɗai yana fitar da abinci sama da 200,000 a rana. Aikin ma'aikatan jirgi shi ne su ɗumama a ƙananan obin, su zuba a faranti, su gyara masa fuska. To, a nan matsalar take farawa. Idan kujerun gaba talatin ne, kamfani ba zai loda kifi talatin da kaza talatin da nama talatin ba, domin nauyi ne, kuɗi ne, kuma mafi yawansa shara zai tafi. Kiyasi suke yi: naman kaji adadi kaza, kifi adadi kaza, su ɗan ƙara kaɗan a sama. Ranar da kiyasin ya dace, kowa ya samu abin da yake so. Ranar da rabin jirgi suka ce kifi, wani zai rasa, kuma wanda zai rasa ɗin ba sa'a ce ke zaɓarsa ba, tsarin tambaya ne. Wasu kamfanonin daga layin gaba suke fara tambaya su gangara baya. Wasu sai sun fara bin masu katin zinare, wato waɗanda suka saba tafiya da su, sannan su dawo kan sauran. Wasu kuma kowa za a tambaya zaɓinsa na farko da na biyu, a koma kicin a yi rabon a ɓoye.

Na taɓa zama a layin ƙarshe a jirgin dare na wani kamfanin Turai. Ina jin ma'aikaciyar tana tahowa layi-layi, ina jin mutane suna cewa kifi, kifi, kaza. Da ta iso kaina sai ta durƙusa gefen kujera, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Yallaɓai, ka yi haƙuri, kifi da kaza sun ƙare." Abin da ya rage naman sa ne da aka dafa da jan giya, sai taliya da aka dama da kirim da cuku. Na farko addinina ya hana ni, na biyu likitana ya hana ni. Yarinyar nan ta yi iya ƙoƙarinta, ta haɗo mini ganyen salak biyu da 'ya'yan itace da ɗan burodi, tana ta ba ni haƙuri har sai da na ji nauyinta. Ba laifinta ba ne, ba ita ta loda jirgin ba. Amma ni da na layin farko kuɗi ɗaya muka biya, shi an ba shi zaɓi huɗu, ni ba a ba ni ko ɗaya ba.

Maganin da ake ba irinmu shi ne a yi odar abinci na musamman tun kafin tafiya. Kamfanonin jirage na duniya suna da lambobi masu haruffa huɗu da suka yi tarayya a kansu: MOML na Musulmi, DBML na masu ciwon suga, VGML na wanda ba ya cin duk abin da ya fito daga dabba, LSML na mai rage gishiri, da sauransu. Ana so ka sanar kwana ɗaya ko biyu kafin tashi. Tsarin yana aiki, kuma abincinka yakan riga na kowa fitowa, da lambar kujerarka manne a jiki. Sai dai yana da illa biyu da ba a faɗa wa mutum. Ta farko, daga lokacin da ka zaɓi MOML ka fita daga sahun masu zaɓi. Takardar nan mai kyau ta zama abin kallo kawai, abin da aka ɗaura maka shi za ka ci, kuma galibi shinkafa ce da miyar kori irin ta Indiya da Pakistan, kamar duk Musulmin duniya bakinsu ɗaya ne. Ta biyu ta fi damuna: lamba ɗaya ake karɓa ga fasinja ɗaya. Musulmi mai ciwon suga sai ya zaɓi tsakanin halak da lafiyarsa. Ranar da na ɗauki na Musulmi a wancan kamfani, farar shinkafa ce ta cika rabin farantin, ga wani kayan zaƙi yana ninƙaya a ruwan sukari. Na ci naman, na bar sauran.

Shi ya sa tunda Qatar Airways ya fara zuwa Kano a 2022 nake bi ta Doha duk lokacin da hali ya yi. Abu biyu suka haɗu a wurinsu. Abincinsu gaba ɗaya halak ne, haka ma na Emirates da Etihad da Turkish Airlines, don haka takardar duka tawa ce, ba sai na nemi wata lamba ba. Sannan ba su da wani ƙayyadadden lokacin cin abinci a ɓangaren bizines. Ka ci abin da kake so, lokacin da kake so, a jeren da kake so. Ma'aikaci zai zo tun kafin a tashi ko jim kaɗan bayan an daidaita a sama, ya tambaye ka me kake so da kuma ƙarfe nawa, ya rubuta, ya ajiye maka naka da sunanka. Idan ka ce a tashe ka saura awa biyu a sauka, to a lokacin za a taɓa kafaɗarka.

Wanda bai taɓa riƙe allurar insulin a hannu yana jiran keken abinci ya iso layinsa ba, ba zai gane girman wannan ba. Jiragen da ke tashi daga Doha zuwa gabas da yawa tsakar dare suke tashi, lokacin da cikina bai saba karɓar komai ba. Nakan ce a ba ni miya mai zafi kawai, in kwanta, in na farka in auna sugana, sannan in kira a kawo babban abinci. Za a shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, a ajiye ɗan fitila mai batir mai kamar kyandir, a kawo kwandon burodi da man zaitun a ɗan kwano. Sai farantin buɗe-baki na Larabawa: hummus, wato niƙaƙƙen wake da riɗi, da dakakken yalo mai ƙamshin hayaƙi, da tabbule, wani kwaɗon ganye mai tsamin lemo, burodin na da ɗumi har tururi na tashi in ka yaga. Wannan kaɗai yakan ishe ni rabin ciki ba tare da ya harba mini suga ba. Bayansa kifi ko kaza, in rufe da shayin karak, in roƙa a rage sukari. A watan azumi kuwa, wanda ya zaɓi ya yi azuminsa a tafiya zai iya tsara sahur ɗinsa da kansa, ba sai ya bi agogon kicin ba. Tsarin yana cin ma'aikata, domin maimakon a yi hidima sau biyu a huta, duk daren ana kai da kawo ne. Ina ganin shi ya sa kamfanoni kaɗan ne ke yinsa.

Akwai hanya ta biyu da ta fi arha ga kamfani, kuma ita ce nake ganin babu wanda ke da uzurin rashin yinta: a bar fasinja ya zaɓi babban abincinsa ta waya kafin ranar tafiya. Singapore Airlines ya daɗe da irin wannan, suna kiransa Book the Cook, inda jerin da za ka zaɓa daga ciki ya fi na cikin jirgi tsawo nesa ba kusa ba, muddin ka yi odar awa 24 kafin tashi. Emirates ya shigo da nasa a 2023, daga kwana 14 kafin tafiya. Qatar ma yana da shi a manhajarsa. Idan ka zaɓa, an loda naka da sunanka, ko a layin ƙarshe kake ba mai cinye maka. Kamfani ma ya huta da canke-canke, abin da ake zubarwa ya ragu. Abin da ya rage shi ne su riƙa sanar da mutane da kyau, don 'yan kasuwarmu da yawa ta hannun ejan suke sayen tikiti, saƙon imel ɗin can yake tafiya, su ba su ma san da zancen ba.

Ethiopian Airlines salonsu daban ne, kuma yana burge ni. A dogon zango daga Addis Ababa sukan turo keke ɗauke da kwanukan abincin ƙasarsu a buɗe: injera, wato faffaɗan burodinsu mai laushi da tsami, a naɗe, doro wat, miyar kazarsu mai yaji, ja-wur da dafaffen ƙwai a ciki, miyar wake, ganye, soyayyen nama. Da ido kake zaɓa, ka nuna da yatsa, a zuba maka gwargwadon yadda ka ce. Ba sai ka iya karanta komai ba. Turkish Airlines ma yana da ma'aikaci sanye da farar rigar kuku da hula a dogayen tafiye-tafiye, shi ke karɓar oda.

Wannan zaɓi da ido ya fi muhimmanci fiye da yadda kamfanoni suke zato. Wata tafiya, a wani jirgin da ba zan kama suna ba, wata dattijuwa 'yar kasuwar atamfa ta zauna a kujerar da ke kusa da tawa. An miƙa mata takardar, ta juya ta gaba, ta juya ta baya, ta ajiye a cinya. Sunayen abincin rabi Turanci ne rabi Faransanci. Da aka zo tambaya sai ta ce kaza kawai, don ita ce kalmar da ta tabbata a kanta. Na leƙa na ce, "Hajiya, wannan kazar an naɗe ta da siraran naman alade, ga shi a rubuce a ƙasa." Ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka, duba mini wanda zan iya ci." Na zaɓar mata kifi. Baiwar Allah nan ta biya miliyoyin naira, amma da ba a dace da mai karanta mata ba, da ta ci abin da zai dame ta har ƙarshen rayuwarta. Ƙaramar alama a gefen kowane abinci, mai nuna akwai alade ko an dafa da giya, ba za ta ci wa kamfani ko sisi ba.

Game da abin da ya fi dacewa a zaɓa, harshen mutum ba ya aiki daidai a sama. Iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai, matsinta kuma kamar na wanda ke kan dutse mai tsayin ƙafa 6,000 zuwa 8,000. Wani bincike da cibiyar Fraunhofer ta Jamus ta yi wa Lufthansa a 2010 ya nuna cewa jin gishiri yana raguwa da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, na zaƙi kuma da kashi 15 zuwa 20, a wannan yanayi. Ga kuma ɗumame. Gasasshen yankin naman sa, wanda shi ne yawancin mutane ke rububi saboda ya fi kama da abin masu kuɗi, shi ne ya fi shan wahala: an gasa shi a ƙasa, an sanyaya, an sake gasawa a sama, sai ya iso maka a bushe. Abin da ke jure wannan hanya shi ne mai romo da kayan ƙamshi, wanda kwana ke ƙara masa daɗi kamar ɗumamen tuwo da miyar kuka da safe. Shi ya sa nake ɗaukar biryani, ko rago da aka dafa ya yi luguf, ko kifi a cikin miya, in bar gasasshen nama sai na sauka.

Kuma wannan ne dalilin da ya sa nake ganin an yi wa abincinmu rowar wuri. Dafa-duka, farfesu, miyar taushe, miyar agushi, duk irin abincin da ɗumame ba ya kashewa ne, ga yaji da daddawa da za su ratsa harshen da iska ta busar. Wasu kamfanonin waje suna sa jollof da kaza da soyayyar ayaba a jiragen da ke tashi daga Legas da Abuja, kuma a idona shi ke fara ƙarewa. Air Peace, da ya fara zirga-zirgar Legas zuwa Gatwick ta Landan a watan Maris na 2024, da abincin gida ya yi tallar kansa. Amma a jiragen da ke shigowa da mu gida daga waje, da wuya ka ga ko ɗaya, alhali mafi yawan mutanen da ke zaune a gaban 'yan ƙasar ne.

Yanzu abin da nake yi kafin kowace tafiya shi ne in sa ejan ya ba ni lambar tikitina, in shiga manhajar kamfanin da kaina, in duba jerin abincin, in zaɓa idan akwai dama. Idan kamfanin ba na halak ba ne kuma ba ya barin a zaɓa tun a ƙasa, nakan nemi kujera a layukan gaba, in sa gyaɗa da ɗan ƙullin yaji a jaka. A jirgin Guangzhou ana buga jerin abinci har da Sinanci, domin fasinjojinsa Sinawa ne. Jirgin da ke tashi daga filin Malam Aminu Kano ma ya kamata a buga nasa da Hausa, ko a sa hoton kowane faranti a gefen sunansa.