Caerlaverock da Hermitage: Wanne ne ainihin gidan dangi?

Ɗan'uwa, ka tambaya a kan tsofaffin gidajen yaƙin nan biyu na kan iyakar Sikotland da Ingila, wanne ya fi cancanta a kira shi gidan dangi, wanne kuma ya fi tsaro.

A batun dangi, Caerlaverock ne, babu ja. Zuriyar Maxwell ce ta gina shi kusa da garin Dumfries wajen shekarun 1270, bayan ta bar wani na farko da ke cikin fadama kaɗan daga kudu, kuma shi ne mazauninta har 1640, ko da yake an sha ƙwace shi na ɗan lokaci. Fasalinsa kusurwa uku ne, abin da ba a cika gani ba, da jan dutse, ga gwalalo mai ruwa ya kewaye shi, ga ƙofa da tagwayen hasumiyoyi. A 1300 Sarki Edward na Ɗaya na Ingila ya yi masa ƙawanya da rundunarsa, mutanen ciki kuwa kusan 60 ne kacal, suka yi ta ɗauki-ba-daɗi kafin su miƙa wuya. Abin da ya fi burge ni shi ne ginin da Robert Maxwell ya ƙara a tsakar gidan wajen 1634, mai manyan tagogi da sassaƙa a saman kowace. Wanda ya buɗe tagogi haka a bakin iyaka ya ɗauka yaƙi ya ƙare, tunda tun 1603 sarki ɗaya ke mulkin ƙasashen biyu. Bai daɗe yana morarsa ba. A 1640 aka yi wa gidan ƙawanya mako 13, aka rushe bangonsa na kudu, ba a sake zama a ciki ba.

Hermitage da ke kwarin Liddesdale kuwa hannu ya riƙa sauyawa: dangin Soules, sai Douglas, sai Sarki James na Huɗu na Sikotland ya miƙa shi ga dangin Hepburn a 1492. Aikinsa tsare hanya ne, shi ya sa sarki ke damuwa da wanda ke riƙe da shi. Ganinsa ma ba fara'a, dogayen bangaye ne da ƙananan tagogi, da manyan gine-gine masu lanƙwasa kamar baka da ke haɗa hasumiyoyinsa, a saman bango kuma akwai ramukan da aka kafa barandar katako ta mayaƙa. A kurkukunsa aka bar Alexander Ramsay, wani jarumin Sikotland, ya mutu da yunwa a 1342. A 1566 Sarauniya Mary ta Sikotland ta hau doki daga garin Jedburgh zuwa Hermitage, tafiyar kusan kilomita 40, don duba James Hepburn, mai riƙe da gidan, da aka ji wa rauni, ta koma a ranar, ta kwanta ciwo mai tsanani.

Ta fuskar tsaro Hermitage nake ba wa, domin babu wanda ya rage masa ƙarfi don jin daɗin zama. Duka biyun yanzu hukumar Historic Environment Scotland ce ke kula da su.