Daga baƙin littafin bashi zuwa Zoho Books: abin da na gani a shagon kayan gini

Ni ne akawun wani shagon kayan gini a nan Gombe. Siminti muke sayarwa da rodi da kwanon rufi da ƙusa, muna kuma da sito a wajen Tumfure. Shekara da shekaru littattafai uku ne ke riƙe da mu: na ciniki, na kaya, sai baƙin littafin bashi wanda Alhaji, mai shagon, ke kullewa a durowarsa.

Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ne ya karya wannan tsari. Kafin nan mutum zai ƙirgo kuɗinsa a gabanka, ka rubuta, a wuce wurin. Da aka koma taransifa da POS sai lissafi ya rikice. Magini ya ɗauki siminti buhu 30 a kan sunan mai gida, kuɗin ya shigo daga asusun matar mai gidan ko na ɗansa da ke Abuja, kai kuma ka zauna da alat a hannu kana neman mai shi. Ga mu da Alhazai masu suna iri ɗaya har uku a littafin bashi. Akwai ranar da na kai ƙarfe goman dare ina neman inda Naira 180,000 ta maƙale.

Da na mayar da lissafin kan kwamfuta, da Excel na fara, wato manhajar jera lambobi a jadawali, kuma har gobe ina ganin girmanta, sai dai ba ta hana ka kuskure. Ka goge layi ɗaya ba ka sani ba, jimilla ta canza, babu mai faɗa maka. Daga nan wani mai gyaran kwamfuta ya saka mana wata manhajar lissafi ta bayan fage, marar lasisi, wai kyauta. Wata bakwai muka yi da ita, kwamfutar ta mutu, ta tafi da komai. Rabin laifin nawa ne, don ban taɓa kwafe bayanan a filashi ba. Araha dai ba ta ado.

Sai na zauna na yi zaɓe da natsuwa. Sage 50, wadda tsofaffin akantoci ke kira Peachtree har yau, a kan kwamfuta ake girka ta, ni kuwa maciji ya riga ya sare ni, ko tsumma na gani gudu nake. QuickBooks ta kamfanin Intuit na Amurka ita na fi sani, amma farashin da na gani a lokacin da dala ne. Wanda ya ga yadda dala ta tashi daga wajen Naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024 ya san me ya sa na kasa kai wa Alhaji wannan magana. Ga shi a lokacin yawancin katunan Naira ba sa biyan kuɗi a waje. Zoho Books, ta wani kamfanin Indiya, da Naira ake biya, akwai kuma damar gwaji kafin ka saka ko sisi. Ban gwada ta da lissafin wasa ba. Rasitan mako guda na gaske na kwaso, har da masu maiƙo da waɗanda yaran shago suka rubuta a bayan kwali, na shigar da su ɗaya bayan ɗaya.

Inda ta saye ni shi ne bashi. Kowane mai sayayya da shafinsa, kuma na bambanta masu suna ɗaya da unguwa: na Pantami, na Jekadafari, na Bolari. Akwai rahoton da ke jera basussuka bisa daɗewarsu, wanda bai kai wata ba, wanda ya haura wata, har wanda ya yi gemu. Ranar da na fara buga shi na miƙa wa Alhaji, ya saka tabarau ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗora yatsa a kan wani suna ya ce, "Malam, wannan ai ya biya." Na ce, "Ranka ya daɗe, ya biya na kwano, na rodi ne ya rage." Ya yi shiru, ya ɗauki waya. Kafin la'asar alat ya shigo. Yanzu in mutum ya yi gardama, sai in fitar masa da takardar duk abin da ya ɗauka da abin da ya biya, da kwanan wata, in tura masa ta WhatsApp. Musu ya ragu, zumunci bai ɓaci ba.

Na biyu shi ne daidaita lissafi da banki. Nakan sauke sitatimen a ƙarshen mako in ɗora, sai in bi shigar kuɗi ɗaya-ɗaya ina haɗa kowanne da rasitinsa. Abin da bai sami abokin haɗi ba yana nan tsaye yana kallona har sai na gano mai shi. Harajin VAT kuwa, wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari tun Fabrairun 2020, sau ɗaya na saita shi, ita ke lissafawa a kowace takarda.

Amma manhaja ba ta san kasuwarmu ba, kai za ka koya mata. Ɗauki ajiya. Ma'aikaci ya karɓi albashi ya biya siminti buhu 50, ya ce a ajiye masa sai ya tashi gini bayan damina. Da farko ciniki nake rubutawa, sai manhaja ta cire buhu 50 daga sito alhali suna nan jibge. Da muka yi ƙirga, kaya suka fi lissafi yawa, har aka fara yi wa mai sito wani irin kallo, bawan Allah bai ci ba bai sha ba. Daga baya na gane cewa kuɗin ajiya kafin alƙalami ne, a matsayin haka ake shigar da shi, ba a fitar da takardar ciniki sai ranar da Keke Napep ko mota ta zo ɗauka. Ina kuma rubuta farashin da aka yi ciniki a kai a gefe, don siminti ba ya kwana biyu a farashi ɗaya. Haka kwano: a bandir muke sarowa, amma wani falle biyar zai saya, sai na mayar da ƙirgar duka zuwa falle, bandir ɗaya falle 20. Sannan na buɗe shafi na musamman don kuɗin da Alhaji ke ɗiba a durowa na cefane ko gudummawar biki. Wannan ya fi komai wuya, don sai da na yi wata biyu ina bin sa da "Alhaji, nawa aka ɗauka?" kafin ya saba faɗa da kansa.

Duk manhajar da ke zaune a intanet, ranar da netwok ya ɗauke kai ma ka ɗauke. Ina da layi biyu, ga ƙaramin sola a shago, duk da haka akwai ranakun da a takarda muke rubutawa sai dare in shigar. Kuma cikin waɗanda na gwada babu mai jin Hausa, don haka yaron da ke kan kanta sai da na rubuta masa matakan a kwali na manna a bango. Wanda teburi ɗaya gare shi kuma ba ya ba da bashi, ni dai ban ga abin da zai kai shi ga wannan ɗawainiya ba, littafinsa ya ishe shi.

Bana da lokacin fitar da zakka ya zo, cikin minti kaɗan na fitar da adadin kayan da ke sito da kuɗin banki da bashin da ake sa ran biya. Sai dai ƙimar da rahoton ke nunawa ta farashin sari ce, malamin Alhaji kuwa ya ce kayan kasuwanci da farashin ranar ake ƙiyasta su kafin a fitar da ɗaya bisa arba'in. Sai na kwashe adadin zuwa Excel na saka farashin ranar da hannu. Aikin da a da yake cin kwana uku, tsakanin azahar da magariba muka gama.

Baƙin littafin yana nan a durowa. Alhaji ya ce kada a jefar, akwai mutum huɗu a ciki da ba ya son sunansu ya shiga kwamfuta.