Umra daga Damagaram: a tashi ta Kano ko ta Yamai?

Mai niyyar umra daga Damagaram hanya biyu ce a gabansa, kuma ni ba na ɓoyewa, Kano nake zaɓa.

Daga filin Malam Aminu Kano zuwa Jidda kimanin kilomita 3,400 ne ta sama. In ka samu jirgin da ke tafiya kai tsaye, cikin awa biyar ka sauka. Kafin nan, motar da za ta kai ka Kano ta Matamaye da Ɗan Barto da Daura kimanin kilomita 250 take ci. Ka yi asuba a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, in ba a tsare ka a kan iyaka ba, azahar ta same ka a Kano. Ga tsoho ko Hajiya mai ciwon gwiwa wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Ka dai riƙe fasfo da katin rigakafin shawara da na sanƙarau a jikinka, kada su shiga ƙasan jaka. Ka kuma tambayi halin iyaka kafin ka biya. Wanda ya ga rufewar iyakar Nijar da Najeriya a 2023 ya san dalili.

Yamai kuwa sai ka fara cin kusan kilomita 900 a mota, yini guda cur, sannan ka ƙara wasu 4,000 ta sama. Galibi ma sai an sauya jirgi a Adis Ababa ko Istanbul, can dare ya ƙare maka a kan kujera. Aikin hajji daban ne, shi ta hannun COHO, hukumar shirya aikin hajji ta Nijar, ake bi.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu, kuma kowane lokaci da ke kan tikiti na garin da aka rubuta ne. Wasu 'yan kamasho da wannan suke rikita mutane, a ce maka tafiyar gajeriya ce alhali akwai jiran awa goma a tsakiya. Kalmar “kai tsaye” a bakinsu ba ta da tsada. Ka sa a nuna maka lambar jirgin: in lambobi biyu ne, sauyi za ka yi.

Mafi muni shi ne tikitin bogi. An taɓa miƙa wa ƙanen mahaifina takarda mai kyau, da hatimi da komai, ashe kujera kawai aka kama ba a biya ba. Sai a gaban ma'aikatan fili ya ji babu sunansa, bayan ya sayar da shanu biyu. Tikitin gaske yana da lamba mai alƙaluma 13. Ka shigar da lambar da aka kama maka kujera da ita a shafin kamfanin jirgin da kanka, ko ɗanka ya duba maka a waya, ka ga sunanka daidai da yadda yake a fasfo. Hoton WhatsApp ba tikiti ba ne. Biza ma haka, a duba ta kafin ka cika kuɗi. Wanda ya ce “Alhaji, ba ka yarda da ni ba ne?” ya hana ka dubawa, karɓi kuɗinka ka fita.