Saiwar furen Convallaria ta ƙunshi: ta cancanci kuɗinta?

Shagunan shuke-shuke a Ingila suna sayar da saiwar Convallaria majalis a ƙunshi, babu tukunya babu ƙasa. Shi ne furen da Faransawa ke kira muguet, suke ba juna kyauta ranar 1 ga Mayu. Don rufe ƙasa a ƙarƙashin bishiyoyi, inda ciyawa ta ƙi fitowa, saiwar ta fi ta tukunya araha nesa ba kusa ba, kuma mun yaba da ita.

Amma a buɗe ƙunshin a duba. Toho mai ƙiba, mai dunƙulallen kai, shi ke fure. Siriri mai tsini ganye kawai zai bayar a shekarar farko. Saiwar da ta bushe ƙamas ko ta yi fumfuna, a mayar wa mai shago.

A jiƙa ta a ruwa mai ɗumi kamar minti 30, a dasa a Oktoba ko Nuwamba, tazarar santimita 10, kan tohon dab da saman ƙasa, a rufe da ruɓaɓɓen ganye. In an binne da zurfi ko ruwa ya kwanta, ruɓewa take yi. Tana jinkirin kamawa, amma in ta kama sai ta mamaye wuri, don haka a yi mata shinge a cikin ƙasa.

Dukkan jikinta guba ne, har jajayen 'ya'yan da ke jan hankalin yara. Kuma sai ta sha sanyin hunturu irin na Turai take fure. Zafin Kano ba nata ba ne.