Gargaɗi ga masu motocin gas a Kaduna: ku yi hattara da mai "saitin birenbos"

Assalamu alaikum jama'a. Akwai wani mutum da ke zagaya garejoji da wuraren wankin mota a garin nan, yau a gan shi ta Kawo, gobe Mando, jibi Kakuri, rataye da jakar kwamfuta. Cewa yake zai sake wa birenbos ɗin motar gas (wato kwamfutar da ke sarrafa injin motar dizal) saiti, ta rage shan mai da kashi 30 ko 40 cikin ɗari a kan babban titi. Yana talla a Facebook da rukunonin WhatsApp na direbobi. Ba shi da shago, shi yake zuwa inda kake. Ba zan kama suna ba, don lambar wayarsa da sunan shafinsa canzawa suke yi. Yadda yake aikin zan faɗa, da shi za ku gane shi ko da wane suna ya zo.

Ban ga laifin waɗanda suka faɗa hannunsa ba. Gas dama ba shi da tallafi, a 2022 lita ta tashi daga wajen naira 300 ta haura 800, a 2024 kuma ta wuce 1,000. Mai Hilux ko Hiace da ke zirga-zirga tsakanin Kaduna da Abuja, tafiyar kusan kilomita 200, in aka ce masa ga hanyar rage kashi ɗaya cikin uku na kuɗin mai, dole ya tsaya ya saurara.

Shi sake saitin birenbos ba ƙarya ba ne, aiki ne da ƙwararru ke yi. Birenbos ɗin ne ke yanke yawan man da nozul zai fesa, da lokacin fesawar, da ƙarfin iskar da turbo zai tura. In aka taɓa waɗannan, mota na ƙara ƙarfin ja. Direba mai sanyin ƙafa zai iya samun ɗan ragi kaɗan, saboda ya daina yawan sauko da giya a hawa. To amma motar da ta miƙe a titi da gudun 110 ko 120, yawancin man da take ƙonawa faɗa take yi da iska, kuma babu kwamfutar da za ta canza faɗin gaban Hilux. Daga gudun 100 zuwa 120, turjiyar iska na ƙaruwa da kashi 44 cikin ɗari. Duk wanda ya yi maka alƙawarin kashi 40 da kwamfutar cinya, ko bai san aikin ba, ko ya san abin da yake yi sarai.

Maƙwabcina mai kai kaya Zariya ya ba shi Hilux ɗinsa, ina tsaye. Mutumin ya zauna a kujerar direba, ya lalubo wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, ya jona waya. Wani koren layi ya riƙa jan ciki a fuskar kwamfutar. Ya ce, "Alhaji, kashe ta, ƙirga goma, sake tayarwa." Sai ya share tsohon lissafin shan mai da ke dashbod, ya ce a zaga ta baifas. Suna dawowa ya nuna allon da yatsa: da tana nuna lita 11 a kilomita 100, yanzu 8 da ɗoriya. Motar kuma tana fizga da an taɓa totur. Nan take Alhaji ya tura masa kuɗi, har da na shan ruwa.

Wannan lambar ta dashbod ita ce duk hujjarsa, kuma ita ce ƙaryar. Mota ba ta da wani ma'auni da ke ƙirga man da ya wuce zuwa inji. Birenbos lissafi yake yi: nozul ya buɗe na tsawon kaza, da matsin mai kaza, to an fesa kaza. In aka jirkita waɗannan alƙaluman a cikinsa, ko aka saƙala wani ɗan akwati a kan wayar sensar da ke auna matsin mai don ta riƙa ba da rahoton ƙasa da gaskiya, sai birenbos ya ƙara matsi, mai ya ƙaru a inji, shi kuwa yana rubuta cewa kaɗan ya fesa. Kamar mai awo ne ya bubbuga gindin mudu, ka ga tiya ta cika alhali an ci ka. Ban da haka ma, kowace mota in ka share lissafinta ka bi miƙaƙƙen titi a hankali, lamba mai kyau za ta nuna, ko ba a taɓa ta ba.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ciwo. Motar ta fara baƙin hayaƙi in ta ɗauki kaya, baƙin mai na yin kauri da wuri, kuloci ya fara sulɓi. A gidan mai kuma, abin da Alhaji ke biya bai ragu ba. Fitilar gargaɗin inji ba ta taɓa kamawa ba, sai da mai rewaya ya sa na'ura ya ga an toshe hanyar da za ta kama. Ashe mutumin ya kashe bawul ɗin da ke mayar da hayaƙi cikin inji, ya kuma goge lambobin da za su tona shi. Man da ya yi yawa zafi yake ƙarawa, zafin kuma kan fistan da turbo da gaskit yake sauka. Wanda ya taɓa tambayar kuɗin nozul huɗu na irin wannan injin a kasuwar Panteka ya san ba wasa ba ne.

Da aka kira shi ya mayar da motar yadda take, sai ya ce ainihin saitin kamfani yana kwamfutarsa, kuma mayarwa aiki ne sabo, da kuɗinsa. Daga baya wayar ta daina shiga.

Yana kuma sayar da wata 'yar roba da ake sokawa a wannan kafar ta ƙarƙashin sitiyari, wai tana "koyon tuƙinka". Fitilu ne kawai ke ƙyaftawa a ciki. Masu tsofaffin injuna kuwa, irin masu famfon nozul zalla da ba su da birenbos, ban san me ma za a ce an saita musu ba.

In kana son sanin gaskiyar shan motarka, ka cika tanki har baki a gidan mai guda, famfo guda. Rubuta kilomita. Yi tafiyarka ta yau da kullum, ka dawo wannan famfon ka sake cikawa, ka raba litocin da tafiyar. Ka maimaita, da kaya iri ɗaya da gudu iri ɗaya. Sassauta ƙafa, daidaita iskar taya, canza filtar iska (musamman lokacin hunturu da ƙura), sauke karikitan da ke kan rufi, waɗannan a famfo ake ganin amfaninsu.

Wanda ya nace sai an yi masa saitin, ya je wurin mai shago da za a iya komawa, a ba shi ainihin saitin kamfani a filashinsa kafin a taɓa komai, a kuma jona caja a batir lokacin aikin, don in wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu motar na iya ƙin sake tashi. Mai sabuwar mota ya sani garantinsa na iya tafiya.

Wanda kuma an riga an taɓa tasa, ya rage lodi da gudu, ya kai ta a duba da na'ura, a leƙa ko akwai baƙon akwati a jikin wayoyin inji. Ya adana shaidar tura kuɗi da hirarsu ta WhatsApp da hoton tallan, ya kai ofishin 'yan sanda mafi kusa ko hukumar kare masu saye ta FCCPC. Ku tura wannan zuwa rukunonin direbobi, musamman na tashar Kawo da Mando.