Sharhi kan yawon jirgin ruwa zuwa injinan iska na tekun Nantucket

Duk mai bibiyar taƙaddamar da tsibirin Nantucket na jihar Massachusetts ta Amurka yake yi da masu kafa injinan samar da lantarki daga iska a cikin teku, zai amfana da wannan yawo na jirgin haya, ko da yake kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Jirgin yana tafiyar kusan mil 15 kudu da tsibirin zuwa aikin Vineyard Wind, wanda aka tsara masa injina 62, kuma kowace fiffike ta injin tana da tsawon mita 107.

Ta fuskar aiki, ban ga abin zargi ba. Jirgin yana da tsabta, an ba kowa rigar kariya daga nutsewa, matuƙin kuma ya san ruwan sosai, domin ya riƙa rage gudu yana ba fasinjoji damar kallo ba tare da ya matsa kusa fiye da kima ba. Mai saurin jiri ya sha magani tun kafin a tashi, don igiyar ruwan wajen tana da ƙarfi.

Inda hidimar ta gaza shi ne bayanin mai rakiya. Ya daɗe kan girman injinan da yawan gidajen da za su samu wuta, amma ya taƙaita abin da ya kai mutanen garin gaban alƙali. A watan Yulin 2024 fiffike ɗaya ta karye, ɓaraguzanta suka cika gaɓar kudancin tsibirin, har aka rufe wuraren ninƙaya a tsakiyar lokacin baƙi, wanda shi ne abincin garin. Sai a 2025 kamfanin GE Vernova, wanda ya ƙera ta, ya amince ya biya garin dala miliyan 10.5. A shekarar ce kuma hukumar garin ta ƙalubalanci amincewar gwamnatin tarayya da wani aikin, SouthCoast Wind, bisa hujjar cewa ba a kare martabar tsibirin ba, alhali an ayyana tsohon garin wurin tarihi na ƙasa tun 1966, sannan tsibirin baki ɗaya a 1975. Kafin haka wata ƙungiyar mazauna ta kai ƙara saboda fargabar aikin Vineyard Wind zai cutar da wani nau'in kifin whale da yawansa bai kai ɗari huɗu ba a duniya, amma ta sha kaye a kotun ɗaukaka ƙara a 2024. Fasinjan da ya biya kuɗinsa ya cancanci jin wannan duka.

A ganina, a zaɓi tafiyar yamma, domin a dawowa ne ake iya ganin jajayen fitilun da ke kan injinan idan suna kunne, waɗanda mazauna suka daɗe suna kuka da su, kuma a lokacin ne mutum zai auna da idonsa ko ƙorafin nasu yana da tushe.